Kid A na Radiohead: kundin da sai an maimaita ji yake buɗe ƙofa

Akwai waƙar da za ka ji sau ɗaya ka kama ta, ka fita kana rerawa. Akwai kuma wadda za ka ji ka ce "wannan kuma mene ne?", ka ajiye, sai bayan mako biyu ka tarar wani sauti daga cikinta yana ta yi maka yawo a ka. Kundin Kid A na ƙungiyar Radiohead irin na biyun ne. Na daɗe ina sauraronsa, kuma duk wanda na ba wa sai ya dawo mini da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Su wane ne Radiohead, kuma yaushe kundin ya fito?

Mutum biyar ne daga garin Abingdon a yankin Oxfordshire na Ingila, sun haɗu tun suna makaranta a 1985: Thom Yorke mai waƙa, wa da ƙane Colin da Jonny Greenwood, Ed O'Brien, da mai ganga Philip Selway. Kid A shi ne kundinsu na huɗu. Ya fito ranar 2 ga Oktoba 2000, da waƙoƙi 10 masu tsawon kusan minti 50, kuma Nigel Godrich ne ya jagoranci ɗaukar sautin.

Me ya sa suka juya wa jita baya, alhali ita ta ɗaukaka su?

Gajiya ce. Kundinsu na 1997, OK Computer, ya kai su ƙololuwa, suka yi ta yawon wasa ƙasa-ƙasa har Yorke ya gaji tilis. A watan Nuwamba na shekarar, bayan wani wasa a Birmingham, ya sauko daga dandamali ya zauna ya kasa furta ko kalma. Bayan haka rubutun waƙa ya ƙi masa, sautin jita ma ya fita daga ransa. Sai ya koma sauraron masu kiɗan na'ura irin su Aphex Twin da Autechre, waɗanda kamfanin Warp ke fitarwa, inda babu mawaƙi a gaba, sai bugu da launin sauti.

Sun fara aiki a Paris a watan Janairu 1999, suka wuce Copenhagen, sannan wani babban gida a Gloucestershire, suka ƙarasa a ɗakin ɗaukar sautinsu kusa da Oxford a Afrilu 2000. Ka duba fa: ƙungiya ce mai masu jita har uku, aka ce musu za a yi waƙoƙin da wani ba zai taɓa kayan kiɗansa ba. Ni wannan haƙurin nasu yana burge ni, domin ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan abin da bai kai wannan ba.

Me ya sa jin farko yake da wuya haka?

Saboda kunne yana jiran amshi. Mu da muka tashi da waƙar da mawaƙi zai ja baiti 'yan amshi su karɓa, mun saba da samun wurin da za mu riƙe. Kiɗan rock na rediyo ma haka yake. A Kid A kuwa, yawancin waƙoƙin ba su da wannan wurin. Yorke ya riƙa yayyanka jimloli a takarda yana zubawa a hula, ya ɗebo yadda suka zo, don haka kalmomin ba su ba da labari a jere. A waƙar da aka sa wa sunan kundin, an bi da muryarsa ta na'ura har ba ka gane abin da yake faɗa. Ko lissafin bugun ba irin wanda ƙafa ta saba bi ba ne: waƙar farko, "Everything in Its Right Place", tana tafiya a kan bugu goma, "Morning Bell" kuma a kan biyar. Za ka ji kamar kiɗan yana ɗingishi, har sai jikinka ya koyi takun.

To mene ne yake fitowa a ji na uku ko na biyar?

A nan maganar take. Ɗauki "How to Disappear Completely". Jin farko za ka ce waƙa ce mai sanyi, jita da murya. Amma saƙala abin ji a kunnuwa biyu cikin dare, ka bar muryar, ka nemi abin da ke bayanta. Tun daga daƙiƙar farko akwai wani siririn sautin goge da aka ja aka riƙe, bai daidaita da sauran ba, kamar kukan sauro a ɗaki mai duhu. Yana nan yana jira. Can wajen ƙarshe sai gogen duka su taso, su narke cikin juna, su haɗiye mawaƙin, kana jin kamar ƙasa na zamewa a ƙarƙashinka. Sai kuma su koma daidai, muryar ta fito tsaf. Ranar da na fara lura da wancan siririn sautin sai da na mayar da waƙar baya sau uku, kuma tun daga lokacin ban ƙara jin ta kamar da ba. Jonny Greenwood ne ya tsara gogen, ƙungiyar Orchestra of St John's ta kaɗa shi a tsohuwar majami'ar Dorchester Abbey. Kalmomin kuma sun samo asali ne daga shawarar da Michael Stipe na ƙungiyar R.E.M. ya ba Yorke kan yadda zai jure wahalar yawon wasa, wato ya riƙa gaya wa kansa cewa ba ya wurin.

"Idioteque" kuma wani labarin ne. Bugu ne mai kaifi na na'ura, amma a ƙarƙashinsa akwai sautuka huɗu masu taushi da ke zagayawa. An ciro su ne daga wani kiɗa da Paul Lansky ya haɗa da babbar kwamfuta a jami'ar Princeton a 1973. Jonny ya ba Yorke kusan minti 50 na gwaje-gwajensa, shi kuma ya tsinci ɗan yanki guda ya gina waƙar a kai. Da farko bugun ne zai cika maka kunne. Daga baya za ka gane cewa duk baƙin cikin waƙar yana cikin sautukan nan huɗu.

Sai "The National Anthem", inda masu busa ƙaho ke shigowa kowa da tasa hanyar, salon da aka ɗauko daga Charles Mingus na kiɗan jaz. Hayaniya ce a jin farko. Ka riƙe jitar bas da ba ta canjawa, za ka ji yadda rikicin ya rataya a kanta.

Wane kayan kiɗa ne ke yin sauti kamar kukan mace daga nesa?

Sunansa ondes Martenot. Wani Bafaranshe, Maurice Martenot, ya fito da shi a 1928, yana cikin kayan kiɗan lantarki na farko-farko. Mai kaɗawa yana sa zobe a yatsa, ya ja shi a kan waya, sautin ya riƙa hawa da sauka ba tare da yankewa ba. Jonny ya so shi ne ta kiɗan Olivier Messiaen, wani mai tsara kiɗa Bafaranshe.

Yaya aka karɓe shi da ya fito?

An rabu biyu. Ba su fitar da waƙa ɗaya don rediyo ba, ba su yi bidiyon waƙa ba, sai gajerun hotuna masu motsi. Kundin ya ɓulla a Napster, manhajar musayar waƙoƙi a intanet ta wancan lokacin, makonni kafin ranar fitowarsa. Duk da haka ya hau lamba 1 a jerin kundayen da aka fi saya a Birtaniya da Amurka, karon farko da suka samu haka a Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy a 2001. Wasu masu sharhi a Ingila sun ce girman kai ne da gudun waƙa. Pitchfork, mujallar sharhin kiɗa ta intanet, ta ba shi maki 10 cif. Da shekaru goman suka cika, mujallar Rolling Stone da Pitchfork da jaridar The Times duk sun sa shi a kan gaba cikin kundayen 2000 zuwa 2009. Sauran waƙoƙin da aka ɗauka a zaman sun fito a 2001 da sunan Amnesiac.

Ta yaya zan saurare shi?

Kada ka ji shi ta lasifikar waya, rabin abin da ke ciki zai ɓace. Ka ji shi a jere daga farko, kada ka tsallake "Treefingers" don ba murya a ciki. Jitar O'Brien ce aka sarrafa har ta zama kamar hazo, kuma ita ce wurin hutawa a tsakiyar tafiya. In ka gama, ka ba shi kwana biyu kafin ka koma. Waƙar ƙarshe, "Motion Picture Soundtrack", in ta ƙare kada ka cire abin kunnen. Za a yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani gajeren kiɗa da ba a rubuta sunansa a bayan faifan ba zai taso, ya haskaka, ya ɓace.