Tsarin RAID Mai Kwanturola Ɗaya

RAID hanya ce ta haɗa faya-fayan ajiyar kwamfuta da yawa su yi aiki tamkar faifai guda. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya ne suka yaɗa sunan a wata takarda da suka gabatar a 1988. Kwanturola shi ne katin da ke rarraba bayanai a kan faya-fayan. Manyan rumbunan ajiya kan zo da guda biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya karɓi aiki. Ƙananan sabobi kuwa, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, irin na ofis ko makaranta a Damagaram, galibi kati ɗaya gare su, kamar Dell PERC ko HP Smart Array.

Abin da ake fara yankewa shi ne matakin RAID. A ce faifai 4 ne, kowanne 2 TB (terabyte, ma'aunin girman ajiya). RAID 0 zai ba da 8 TB, amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. RAID 5 zai ba da 6 TB, ya jure asarar ɗaya. RAID 6 da RAID 10 kowanne 4 TB ne. Na farko yana jure asarar kowane biyu, na biyun ya fi saurin rubutu, sai dai in tagwayen da ke riƙe da kwafin juna suka mutu tare, ba makawa an yi asara. Inda kayan gyara ke daɗewa a hanya, RAID 6 ya fi kwanciyar hankali, domin sake gina bayanan babban faifan da ya mutu a kan sabo yakan ci awoyi masu yawa, kuma a lokacin ne sauran suka fi wahala.

Sai ma'ajiyar wucin gadi da ke jikin katin. Ana iya saita shi ya shaida wa kwamfuta an gama rubutu tun bayanan suna cikinta, ko ya jira sai sun sauka kan faifai. Na farkon ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma bai da aminci sai da lafiyayyen batir a katin. A Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce: wuta takan ɗauke ba sallama, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 ya tsufar da batir, ƙurar hunturu ta toshe fanka. Yawancin katuna kan koma tsarin jira da kansu in batir ya raunana. Akwai saitin da ke hana su komawa, kuma kunna shi ganganci ne.

In katin kansa ya mutu, sabar ta tsaya cik ko da faya-fayan kalau suke. Bayanin tsarin yana rubuce a jikinsu, don haka sabon kati na dangin tsohon kan gane su, ya tambaya ko a shigo da tsarin da ya tarar ko a share. A nan ake yawan yin ɓarna: abin da ya dace shi ne a shigo da shi, ba a ƙirƙiri sabo a kansa ba. Shi ya sa masu kula da saba kan liƙa wa kowane faifai lambar gurbinsa, su ajiye katin ko-ta-kwana, su kuma riƙa kwafe bayanan zuwa wata na'ura daban, tunda RAID ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge.