Disciples: fim ɗin binciken BBC kan cocin TB Joshua

Disciples: The Cult of TB Joshua fim ne na binciken ƙwaƙwaf mai kashi uku wanda sashen BBC Africa Eye ya fitar ranar 8 ga Janairu 2024, tare da haɗin gwiwar kafar openDemocracy. Sun kwashe kamar shekara biyu suna aikin, kuma magana ce kan abin da wasu tsoffin mabiya suka ce ya faru da su a cikin Synagogue Church of All Nations, cocin nan da ke unguwar Ikotun a Legas wadda ake taƙaita sunanta da SCOAN.

Shi dai Temitope Balogun Joshua, wanda ya kafa cocin, ɗan Arigidi Akoko ne a jihar Ondo, an haife shi 1963, ya rasu 5 ga Yuni 2021 yana da shekara 57. Sunansa ya yi nisa sosai, har shugabannin ƙasa irin su John Atta Mills na Ghana da Joyce Banda ta Malawi sun je wajensa, amma a gida Najeriya manyan ƙungiyoyin Kirista irin su CAN da PFN ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Abin da ya ɗaga shi kuwa bidiyo ne. Tashar Emmanuel TV da ya kafa kullum cikin nuna marasa lafiya take wai sun warke, guragu na tashi, ana fitar da aljanu, mutane daga Afirka ta Kudu da Turai da Latin Amurka suna gani sai su yanki tikiti zuwa Legas.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Sama da mutum 25 da suka taɓa zama a cocin ne suka yi magana, daga Najeriya, Ingila, Afirka ta Kudu, Ghana, Amurka da wasu ƙasashen, da yawansu cikin waɗanda ake kira almajiransa ne, masu kwana da tashi a harabar cocin shekara da shekaru. Zarge-zargen masu nauyi ne: fyaɗe, tilasta zubar da ciki, duka, hana barci, da kuma cewa wasu mu'ujizojin da ake haskawa a talabijin shirya su ake yi. An kuma sake tono maganar masaukin baƙi na cocin da ya rufta ranar 12 ga Satumba 2014 ya kashe mutum 116, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu, inda shi Joshua ya ɗora laifin kan wani jirgi da ya ce ya yi ta shawagi a saman ginin, alhali binciken kotun Legas a 2015 ya ce matsalar gini ce da sakaci.

Yadda aka yaɗa shi

BBC ba ta tsaya jiran wata tashar talabijin ta Najeriya ba, sai ta ɗora kashi ukun kyauta a YouTube, a Birtaniya kuma a iPlayer, ta haɗa da shirin saurare a jerin World of Secrets. Kafin ka ce kwabo mutane sun yayyanka shi guntu-guntu ana ta turawa a WhatsApp da Facebook da TikTok, to da yawan masu musu a kai ma guntun minti biyu suka gani ba duka fim ɗin ba, shi ya sa muhawarar ta fi zafi fiye da yadda ta yi zurfi. Wato dai hanyar da mutumin ya bi ya yi suna, ta nan ɗin aka biyo masa.

Cikin watan Janairun 2024 ɗin aka cire Emmanuel TV daga DStv da GOtv ranar 17, sannan YouTube ta rufe babban shafin tashar bisa karya dokarta ta kalaman ƙiyayya. Ba wannan ne karon farko ba, a Afrilu 2021 tun Joshua na raye YouTube ta taɓa rufe shafinsa mai mabiya kusan miliyan 1.8 saboda bidiyon da ke iƙirarin warkar da masu neman jinsi.

Martani

Cocin, wadda matarsa Evelyn Joshua ke jagoranta tun bayan rasuwarsa, ta musanta komai, ta ce ƙage ne irin wanda aka saba yi masa kuma ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba. Magoya bayansa tambaya ɗaya suka riƙe, me ya sa sai da ƙasa ta rufe idonsa, wasu kuma suka ce Turawa ne kawai ke son ɓata sunan malamin addini baƙar fata. Tambayar ba ta banza ba ce tunda mamaci ba ya kare kansa, sai dai wasu cikin masu zargin sun yi magana tun yana raye ba a saurare su ba, kuma sun ce tsoro ne ya rufe bakin sauran. Cocin dai ta ci gaba da ibadarta a Ikotun.