Bursi da tallafin ɗalibai: abin da iyayen mai sabon bak ya kamata su sani

Duk shekara in sakamakon bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare a Nijar, ya fito, guɗa kan tashi a nan Maraɗi daga unguwar Bagalam har Ali Ɗan Sofo. Bayan kwana biyu sai ka ga maigida ya yi tagumi, yana lissafin kuɗin rajista da ɗaki da abinci. Abin da ke damuna shi ne iyaye da yawa suna zaton bursi, wato kuɗin da gwamnati ke biyan ɗalibin jami'a, yana biyo bak da kansa. Ba haka tsarin yake ba. Nemansa ake yi, da takardu, cikin wa'adi.

Hukumar da gwamnati ta ɗora wa wannan aiki ita ce ANAB, mai cibiya a Yamai. Ita ke karɓar dosiye, wato tarin takardun nema, ita ke biya. Ana duba ko yaro ɗan Nijar ne, ana duba makin da ya samu a bak da kuma shekarunsa. Hukumar kan fitar da sanarwa a kowace shekara, kuma da ita za a yi aiki, ba da abin da maƙwabci ya ce an yi bara ba.

A wajen takardu ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Ana bukatar takardar haifuwa, takardar zama ɗan ƙasa da ake karɓa a gidan shari'a, shaidar cin bak da takardar maki, kwafi kuma sai an buga masa hatimin tabbatarwa. Ɗan ƙanwata ya zo mini daga wani ƙauye kusa da Tibiri, takardunsa cikin leda, ya nannaɗe su kamar kuɗi. Da muka shimfiɗa su a tabarma sai muka ga sunan mahaifinsa iri biyu ne, harafi ɗaya ya sha bamban. Gyaran wannan harafin ya ci mana makonni, saura ƙiris wa'adi ya wuce. Tun yaro yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ya kamata a jera takardun nan a karanta su harafi-harafi. Wanda ba a yi masa takardar haifuwa ba tun yana jariri, sai ya bi ta hannun alƙali, wannan kuwa ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Wanda ya samu, wata uku-uku ake biyansa, kuma jinkirin biya na cikin abubuwan da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta daɗe tana kuka a kai. Saboda haka kada gida ya nannaɗe hannu. A tanadi guzurin watannin farko, ko da adashi ne ko buhun gero. Sannan bursi ba gado ba ne: sabunta shi ake yi, kuma maimaita aji na iya sa a yanke shi kafin a gama shekaru 3 na lisans, wato digirin farko.

Wanda bai samu ba, kada ya yanke ƙauna. Akwai tallafin da ake ba ɗaliban da ba su da bursi, shi ma sai an ajiye dosiye. Bai kai bursi ba, amma yana toshe wata kafa. A jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi kuma akwai CROU, mai kula da ɗakin kwana da abinci da magani a farashi mai sauƙi. Ɗakuna ba sa isa, don haka a nema da wuri.

Ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya kan ba Nijar guraben karatu, masu maki mai kyau ke samu. Turkiyya kuwa ta intanet ake cika takardar neman bursinta a farkon shekara, kyauta ne. Duk wanda ya tare ku ya ce a kawo jikkuna zai sa sunan yaro cikin jeri, ku riƙe kuɗinku, ku tafi ofishin rajista na jami'a ku tambaya da bakinku.