Baye-bayen Ruhu Mai Tsarki: sun ƙare da manzanni, ko har yanzu suna aiki?

A ƙasar Zuru da Yauri, har cikin Birnin Kebbi, za ka tarar da gida ɗaya inda iyaye ke sujada a UMCA ko ECWA ko Katolika, 'ya'ya kuma suna zuwa majami'un Fentikos. Gardama a kan magana da harsuna da annabci da warkarwa ta kan biyo su har gida. Ga tambayoyin da masu bi suka fi kawowa gaban dattawa.

Mece ce baiwar Ruhu, kuma guda nawa ne?

Iko ne da Ruhu Mai Tsarki ke ba mai bi domin amfanin ikkilisiya duka, shi ne kuma ke rabawa yadda ya ga dama (1 Korantiyawa 12:7, 11). A wannan sura Bulus ya lissafa tara: maganar hikima, maganar sani, bangaskiya, warkarwa, yin mu'ujizai, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna, da fassararsu. A Romawa 12:6-8 ya kawo bakwai, yawancinsu ba su da hayaniya: hidima, koyarwa, ƙarfafa zuciya, bayarwa, shugabanci, jinƙai, tare da annabci. Afisawa 4:11 kuma ta ambaci manzanni, annabawa, masu bishara, makiyaya da masu koyarwa. Tun da lissafin bai zo iri ɗaya ba, a fili yake Bulus misalai ya bayar. Matar zumunta da ke dafa wa 'yan gudun hijira abinci a harabar majami'a tana aiki da baiwar jinƙai ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan ta ƙare. Saɓanin yana kan annabci, harsuna da fassararsu, warkarwa da mu'ujizai.

Masu cewa sun ƙare, wace hujja gare su?

Afisawa 2:20 ta ce an gina ikkilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, harsashi kuwa sau ɗaya ake sa shi. Bulus ya kira mu'ujizai alamun manzo (2 Korantiyawa 12:12), Ibraniyawa 2:3-4 kuma ta nuna da su ne Allah ya tabbatar da shaidar waɗanda suka ji daga bakin Ubangiji. Suna ƙarawa da cewa ko a cikin Littafi Mai Tsarki mu'ujizai sun fi taruwa a wasu zamanai: na Musa, na Iliya da Elisha, sai na Yesu da manzanni. Yahaya Kirisostom, babban mai wa'azi na ikkilisiyar dā wanda ya rasu a shekarar 407, ya faɗa wa masu sauraronsa cewa 1 Korantiyawa 12 tana da wuyar fahimta domin abubuwan da ke cikinta sun daina faruwa.

A yi musu adalci. Ba su ce Allah ya daina warkarwa ba, suna yi wa marasa lafiya addu'a kamar kowa. Abin da suka musanta shi ne a ce wani mutum yana riƙe da irin ikon da Bitrus ya yi aiki da shi a ƙofar Haikali.

Masu cewa suna nan fa?

Ayar da ta yi maganar ƙarewar annabci da harsuna ita ce 1 Korantiyawa 13:8-12, ta kuma faɗi lokacin: sa'ad da cikakke ya zo, muka gani ido da ido. Wasu sun ce kammaluwar Sabon Alkawari ake nufi, amma gani ido da ido ya fi dacewa da dawowar Almasihu. Ba manzanni kaɗai suka yi waɗannan ayyuka ba. Istifanas da Filibus sun yi mu'ujizai, 'ya'yan Filibus mata huɗu suna annabci, Hananiya na Dimashƙu, almajiri ne kawai, ta hannunsa idanun Shawulu, wato Bulus, suka buɗe. Wajen shekarar 180 Ireniyas, ɗaya daga shugabannin ikkilisiyar dā, ya rubuta cewa ana warkarwa da annabci a ikkilisiyoyin zamaninsa. Agustin, shi ma babban malamin ikkilisiyar dā, da fari ya ɗauka irin waɗannan alamu sun wuce, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya rubuta warkarwa da yawa da aka shaida a garinsa. A zamanin nan abin ya bazu daga farkawar titin Azusa a Amurka a 1906, da farkawar Ilesha ƙarƙashin Joseph Ayo Babalola a 1930, ya shiga cikin Katolika tun 1967.

A ganinmu, matsayin manzannin da suka ga Ubangiji bayan tashinsa ya rufe, Littafi ma ya rufe, ba mai ƙara masa ko wasali. Amma babu ayar da ta ce Ruhu ya janye sauran baye-bayen. Bulus ya ce kada a hana magana da harsuna, a aya ta gaba ya ce a yi kome da kyau bisa tsari (1 Korantiyawa 14:39-40). Ɓarnar da muke gani yawanci daga riƙe ɗaya a saki ɗaya take fitowa.

Baba Fasto, an ce mini in ban yi harsuna ba, ba ni da Ruhu Mai Tsarki. Gaskiya ne?

Ɗana, kwantar da hankalinka. Romawa 8:9 ta ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne, wato duk wanda ke na Almasihu yana da Ruhu. 'Yan'uwanmu na Fentikos suna koyar da cewa harsuna ne alamar farko ta baftismar Ruhu, suna dogara da Ayyukan Manzanni sura 2, 10 da 19, amma ko su yawancinsu ba sa cewa wanda bai yi ba ba shi da ceto. Bulus ya yi tambaya a 1 Korantiyawa 12:30 ko duka ne ke magana da harsuna, amsar da yake nufi kuwa a'a ce. Kada ka yarda a kewaye ka ana cewa ka maimaita wasu sautuka har bakinka ya saba. Abin da aka koya ta maimaici, kwaikwayo ne.

A cikin taro kuma ƙa'idar a rubuce take (14:27-28): mutum biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara. In babu mai fassara, mai harshen ya yi shiru a taron, ya yi magana tsakaninsa da Allah. Mai cewa abin ya fi ƙarfinsa ya duba aya ta 32, ruhohin annabawa suna ƙarƙashin annabawa. Wannan ne ya raba aikin Ruhu da hawan bori, inda mutum ke fita hayyacinsa. Bulus da kansa ya gwammace kalmomi biyar da za a gane a kan dubu goma a wani harshe. Mu da ke tara Dakarkari da Kambari da Dukkawa a ɗaki ɗaya, har sai an sa tafinta tsakanin Turanci da Hausa, mun san abin da yake nufi.

Wani ya tashi ya ce Allah ya nuna masa abu. Yaya dattawa za su yi?

Kada a raina, kada kuma a haɗiye, a gwada (1 Tasalonikawa 5:19-21). Da farko ya faɗa wa fasto da dattawa biyu ko uku kafin a ba shi makirufo. A rubuta maganar yadda ya faɗe ta, da kwanan wata, domin annabcin da ba a rubuta ba ya kan sauya kama bayan abin ya faru. Sai a auna ta da Littafi. In ta saɓa, an gama, ko da alamar da ya bayar ta cika (Maimaitawar Shari'a 13:1-3). In ta shafi abin da zai zo, a jira. Agabas ya ce za a yi babbar yunwa, aka yi ta a zamanin Kalaudiyas. Wanda ya sa rana ta wuce babu kome, a faɗa masa a fili, a dakatar da shi daga magana da sunan Allah (Maimaitawar Shari'a 18:22). A duba zamansa da iyalinsa da yadda yake da kuɗi, domin Matiyu 7:22-23 ta nuna mutum na iya yin annabci Ubangiji ya ce bai san shi ba.

Akwai iri uku da ya kamata a tsayar nan take. Na farko, nuna wata tsohuwa ko wani yaro a ce shi ne mayen gida. Wannan ya raba zuri'a, ya jawo duka da kora, ƙara kuwa ba ta tsayawa sai da shaidu biyu ko uku, wahayi ba shaida ba ne. Na biyu, ce wa budurwa Allah ya ce ita ce matar wane. Na uku, kuma shi ya fi ciwo a wannan yanki, zuwa wurin iyalin da aka sace musu mutum a ce a kawo kuɗi za a gano inda yake.

In an yi mini addu'ar warkarwa, in daina shan magani?

A'a, Mama, kada ki daina. Yakubu 5:14-15 ta ba da tsari: marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, su shafa masa mai da sunan Ubangiji, su yi addu'a. Babu inda ta ce a zubar da magani. Bulus ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya ba Timoti shawara saboda ciwon cikinsa, shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba. Ashe rashin warkewa ba hujjar ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma zalunci ne a ɗora wa majinyaci wannan laifi a kan ciwonsa.

Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Mutum ya kan ji sauƙi tun a makonnin farko, in ya tsaya a nan ciwon ya dawo, wani lokaci ya ƙi jin maganin. Hawan jini ba ya yawan nuna alama sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ciwon suga da farfaɗiya da cuta mai karya garkuwar jiki su ma ba a daina shan maganinsu don an ji sauƙi. Yesu ya aiki kutare goma su nuna kansu ga firistoci, su ne masu tabbatar da tsarkakewa a lokacin. Ki koma asibitin da aka gano ciwon, a sake gwaji, likita ya rage ko ya tsayar da maganin da kansa, sa'an nan ki tsaya ki ba da shaida da takarda a hannu.

Man shafawa da ruwan addu'a da ake sayarwa fa?

Kyauta kuka samu, ku bayar kyauta (Matiyu 10:8). Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi ya sayi iko, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Gehazi ya bi Na'aman ya karɓi abin da Elisha ya ƙi, ya koma da kuturta. Tallafa wa ma'aikacin Allah ta baiko da zakka daidai ne, sa wa addu'a farashi kuwa ba shi da gurbi. Man da ke cikin gidanki ya isa dattawa su yi shafawa da shi.

Ta yaya zan gane baiwata?

Ka roƙi Allah, ka karɓi aikin da ke neman mai yi: ajin yara na ranar Lahadi, ziyarar asibiti, fita wa'azi ƙauye, riƙe littafin kuɗi. Ka daɗe a ciki kamar shekara guda, sa'an nan ka tambayi dattawa biyu da ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya ko mutane suna ƙaruwa ta hannunka. In sun ce a'a, ka gwada wani aikin.