Ciwon sanyin mara: me gwajin CRP yake nunawa?

'Yan uwa mata, da yawanku kan zo asibiti da takardar gwajin jini a hannu, an rubuta CRP ya hau, hankali a tashe. Wasu kuma an ce musu bai hau ba, sai su koma gida da ciwon mararsu, wai ai jini ya nuna lafiya lau. Duka biyun akwai gyara.

CRP furotin ne da hanta ke zubawa cikin jini idan wani wuri a jiki ya kumbura. Cikin 'yan awanni yake fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2, kuma da zarar magani ya kama sai ya sauko. Amma ba ya faɗin inda kumburin yake. Maleriya na ɗaga shi, taifot ma haka, har ƙurji mai mugunya. Kamar hayaƙi ne: ya nuna akwai wuta, bai nuna ɗakin da ta kama ba. Akwai kuma CA-125 da aka fi sani da gwajin sankarar ƙwan mace. Shi ma ciwon sanyi kan ɗaga shi, don haka kada ganinsa a sama ya sa ki yanke ƙauna.

Shi ciwon, ƙwayoyin cuta ne ke haurawa daga farji zuwa mahaifa da bututun da ƙwai ke bi. Gonoriya da kilamidiya na cikin manyan masu jawo shi, kuma ta saduwa ake ɗaukarsu, ba a masai ba kamar yadda ake ta yaɗawa. Yakan biyo bayan haihuwa ko ɓari. Ciwon mara, ruwa mai wari, zafi lokacin saduwa, jini tsakanin al'ada, zazzaɓi: da waɗannan da duba mara likita ke gane shi, bayan ya yi gwajin ciki, domin cikin da ya zauna a bututu yakan zo da irin wannan ciwo. Ko CRP bai hau ba, ana fara magani.

Dalilin gaggawar shi ne tabon da ciwon ke bari a bututu. Wani dogon bincike a birnin Lund na ƙasar Suwidin ya gano cewa kashi 8 cikin 100 na matan da ciwon ya kama sau ɗaya sun rasa haihuwa saboda toshewar bututu. Waɗanda ya kama sau uku ko fiye, kashi 40.

Maganin yawanci allurar ceftriaxone ce, da ƙwayoyin doxycycline da metronidazole na kwana 14. Ba guntun kati biyu na kemis ba, kuma matsi da turaren tsuguno ba sa kaiwa bututu. In kwana 3 suka wuce babu sauƙi, ki koma. Maigida ma dole a yi masa magani ko ba ya jin komai, haka abokan zama, a kuma dakatar da saduwa har kowa ya gama nasa.