Tallafi Ko Rance? Kalmar da Ke Ruɗa Iyayen Sababbin Ɗalibai

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kalmar "tallafi" ta zama ruwan dare. Buhun shinkafa tallafi, taki tallafi, injin ban ruwa tallafi. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka jawo kalmar aka yafa wa bashin karatu na asusun NELFUND, har ka ji mai gabatar da shiri a rediyo ko ɗan siyasa a wurin taro yana cewa gwamnati na ba ɗalibai tallafin karatu, kowa ya je ya cike. A wannan lokaci da sunayen waɗanda suka samu gurbi ke fitowa, furucin yana yi wa gidajen ƙauye ɓarna.

Ɗan baffana ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ya shiga shafin JAMB ya amince da gurbin, ya fitar da takardarsa, gida ya cika da barka. Tun kaka Baffa ya ware buhun riɗi biyu da rago ɗaya saboda wannan rana. Da na je ƙauyenmu, nan kusa da Gujungu, sai na tarar ya sauya shawara, kuɗin riɗin kwanon rufi za a saya da su.

"Ai an ɗauke mana, ɗana," in ji shi. "A rediyo na ji, tallafi ake ba su."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, rance ne."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Rance? To wa zai biya?"

Wannan tambaya ita ce ta kamata uba ya fara yi, kuma kalmar tallafi ce ta hana shi yin ta tsawon makonni.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a nan. Tallafi daga "tallafa" yake, ka sa hannu ka riƙe abin da zai faɗi. Shi ya sa ake cewa ɗan tallafi, yaron da ka ɗauka ka rena kamar naka, ba ka kuma jiran ranar da zai zo ya biya ka kuɗin tuwon da ya ci. Aro kuwa abin da ka karɓa shi ɗin za ka mayar: ka ari garma, ka gama huɗa, ka mayar da garmar. Rance daban yake. Ka ranci kwano goma na gero a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ka ci shi, ya ƙare. Idan kaka ta yi ka auna wani kwano goma ka kai. Ba geron da ka ci za ka mayar ba, kwatankwacinsa ne, daga gumin da ba ka riga ka yi ba. Kowace tsohuwa a garinmu ta san bambancin ukun nan, ba ta taɓa cewa ta ari gishiri ko ta ranci turmi. Abin da NELFUND ke bayarwa geron damina ne: ɗalibi zai ci yanzu, ya auna daga albashin da bai fara karɓa ba.

Ga yadda abin yake. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023, aka gyara ta ya sake sa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayun 2024. Gyaran ya cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba ya biyowa ta hannun yaro. Wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya kuma ana sa masa naira 20,000 a wata a asusunsa na banki. Babu kuɗin ruwa. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cirar kashi 10 cikin 100 na albashi. Dubu ashirin ba ta da nauyi a kunne, amma wata 10 ta zama naira 200,000, shekara huɗu a haka naira 800,000, ban da na makaranta.

Tallafin karatu na gaskiya yana nan, shi ne sukolashif ɗin da hukumomin jihohin Kano da Jigawa ke ba 'yan asalin jiha, kuma ba a mayar da shi. Haɗa su a suna ɗaya zalunci ne ga yaro ɗan shekara 18 da zai danna "na amince" a shagon kwamfuta.

Ni ba na ƙin rancen nan. Ina ganin alheri ne, domin na san yaran da suka samu gurbi suka zauna a gida saboda kuɗin rajista, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma mu mutane ne da ake tsayawa a wurin jana'iza a tambaya ko akwai mai bin mamaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya tashi a cikin wannan tarbiyya yana da haƙƙin a gaya masa cewa bashi zai ci, da sunansa.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi kusa, wadda ta kusa cin Baffa. Rancen ba ya zuwa ranar da suna ya fito. Sai yaro yana da lambar NIN da BVN da ta JAMB, sai makarantarsa ta shigar da bayanansa, sai an tantance. Kafin nan akwai kuɗin mota zuwa Dutse, hotuna da kwafin takardu, wurin kwana, katifa, bokiti, tukunya, da ɗan garin kwaki da ƙuliƙuli da zai riƙe shi makonnin farko. Duk daga aljihun gida za su fito. Uban da ya sa kuɗin riɗinsa a rufin ɗaki saboda ya ji "tallafi", ranar tafiya zai shiga neman wani rancen a gari.

Baffa ya fasa sayen kwanon. Ranar Lahadi ya kai riɗin kasuwar Gujungu, ragon kuma ya ce a bar shi zuwa zango na biyu. Ya yarda yaron ya nemi na kuɗin makaranta, na wata-wata kuwa ya ce a dakata a ga yadda hali zai yi. Da daddare ya kira shi, ya miƙa masa sabon littafin rubutu, ya ce duk abin da aka biya masa ya rubuta adadin da kwanan wata, ya riƙa kawo masa yana gani idan ya zo hutu.