Gyaran fedar kuloci domin daɗin taku

Gyaran fedar kuloci shi ne sauye-sauyen da ake yi wa fedar hagu ta mota mai giyar hannu, wato manuwal, da kayan da ke tsakaninta da kulocin, domin canza yadda direba ke jin ta a tafin ƙafa. Ba gyaran lalacewa ake nufi ba: motar tana tafiya lafiya, amma direba yana ganin fedar ta yi tauri, ko ta yi laushi kamar soso, ko kuma ba ta nuna masa daidai inda kuloci ke kamawa. Al'adar ta fi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar motocin gudu a Amurka, Turai da Japan, musamman masu BMW, Ford Mustang, Nissan 350Z da 370Z, da tagwayen nan Toyota 86 da Subaru BRZ.

Abin da ƙafa take ji

Kuloci yana tsakanin inji da giya. A bayan inji akwai faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira filawil. Faifan kuloci yana manne da shi, faifan matsi kuma yana danne shi da ƙarfin wani sifirin mai siffar faranti. Irin wannan sifirin yana ɗauke da sunan Julien Belleville, Bafaranshen da ya yi rajistar fasaharsa a 1867. Idan aka taka feda, boris ɗin kuloci yana tura yatsun sifirin ɗin, matsi ya saki, inji ya rabu da giya.

Halin wannan sifirin shi ne tushen duk maganar. Ƙarfinsa ba ya hawa a miƙe: yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa, sannan ya soma sauka. Wannan hawa da sauka ne ƙafar gogaggen direba take karantawa, har ta san cewa faifan ya kusa kamawa tun kafin mota ta motsa. Duk abin da ke tsakanin sifirin ɗin da tafin ƙafa, ko dai yana isar da wannan saƙo ko yana dusashe shi.

Hanyar isarwa a yawancin motoci iri biyu ce. Akwai ta waya, wadda ke jan hannun kuloci kai tsaye, kamar a yawancin Volkswagen Golf 2 da Golf 3 masu silinda huɗu, irin waɗanda aka saba gani a tashoshin motar Arewa. Akwai kuma ta mai, inda feda ke tura famfon sama, wanda makanikai ke kira masta, man ya bi bututu zuwa famfon ƙasa, shi kuma ya tura kuloci. Ita kanta fedar tana ninka ƙarfin ƙafa kamar sau biyar zuwa shida. A nan akwai ƙa'idar da ba ta da makawa: duk abin da ya rage nauyin taku ta hanyar ninki, sai ya ƙara tsawon tafiyar feda, abin da ya gajarta tafiyar kuma, sai ya ƙara nauyi.

Kafin a taɓa komai

Da yawa daga cikin fedojin da ake kuka da su ba sauyi suke buƙata ba, kulawa suka rasa. Man kuloci shi ne man burki, DOT 3 ko DOT 4, kuma a motoci da yawa daga kofi ɗaya suke sha. Man yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa iyakar tana iya sauka zuwa 155. Na DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Iskar da ta shiga bututu ita ce ke sa feda laushi, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Zuba man inji ko man giya a wurin kuskure ne babba, don yana kumbura robobin famfo.

Haka kuma ƙusar da ke haɗa feda da sandar masta tana cinyewa, robobin da feda ke juyawa a kansu suna sakin jiki, waya tana bushewa a cikin rigarta. Kulocin da ya tsufa ma yana ƙara tauri, saboda sifirin ɗin ya koma aiki a wani ɓangare na lanƙwasarsa. Sauyin da aka ɗora a kan irin wannan lalacewa ɓoye cuta ne kawai.

Sifirin mai taimako

Wannan yana cikin gyare-gyaren da aka fi yi, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. A motocin zamani akan ɗaura wani ƙaramin sifirin a jikin fedar, ƙarƙashin sitiyari. Aikinsa biyu ne. Idan feda tana sama, yana riƙe ta a can. Da an taka ta ta wuce wani matsayi, sai ya juya ya koma taya ƙafa dannawa ƙasa. Manufar kamfani a bayyane take: wanda ke cikin cunkoso yana taka kuloci sau ɗari a awa guda kada ƙafarsa ta gaji.

Matsalar ita ce a wasu motoci wurin juyawar sifirin ɗin yana faɗowa kusa da inda kuloci ke kamawa. Direba yana sakin feda a hankali, sai nauyinta ya canza farat ɗaya, ba don faifai ya kama ba, sai don sifirin ya juya. Ƙafa ta rasa gane wanne ne saƙon gaskiya, sai mota ta fizga ko ta mutu a danja. Masu 370Z, BRZ da Mustang na 2015 zuwa gaba sun daɗe suna wannan koke.

Wasu suna cire sifirin ɗin ɗungurungum, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci da filaya. Feda takan ɗan ƙara nauyi, amma nauyin yana tafiya daidai, wurin kamu ya fito fili. Sai dai an rasa ɗaya aikin nasa, wato riƙe feda a sama. Tana iya zama tana rawa a ƙarshen tafiyarta, ko nauyinta ya kwanta a kan sandar masta. Saboda haka hanya mafi hankali ita ce maye gurbinsa da sifirin mai rauni, wanda zai ɗaga feda ba tare da ya cusa kansa cikin taku ba. Kamfanin Steeda na Amurka, alal misali, yana sayar wa masu Mustang irin wannan wanda nauyin fam 35 ke matse shi da inci ɗaya, ƙarfin da yake ƙasa sosai da na asali.

Bawul mai jinkirta mai

Wasu kamfanoni suna sa ɗan bawul mai ƙaramar kafa a hanyar man kuloci. Idan an taka feda, mai yana wucewa ba tsaiko; idan an saki, sai bawul ɗin ya tilasta masa komawa a hankali. Ko direba ya zame ƙafarsa gaba ɗaya, kuloci ba zai kama da duka ɗaya ba, giya da sauran ƙarafan da ke kai ƙarfi ga taya sun tsira daga girgiza. BMW ta yi suna da shi a samfurori irin su E39, E46 da E90, inda yake a mahaɗar bututu da famfon ƙasa; a wasu motocin Honda kuma a cikin famfon ƙasan aka gina shi.

Ga wanda ya iya tuƙi, illarsa ita ce ƙafa ta saki amma kuloci yana biye a baya, abin da ya fi fitowa a sauyi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Akan cire shi ko a sa wanda aka huda, sannan a fitar da iska daga bututu. Bayan haka kuloci yana bin ƙafa sau da ƙafa, kuma kariyar da bawul ɗin ke bayarwa ta koma wuyan direba.

Saita tsawo da wasan feda

Sandar da ke shiga masta tana da zare da noti mai kullewa a motoci da yawa, musamman na Japan. Ƙara mata tsawo yana ɗaga wurin kamu sama, rage ta yana saukar da shi. Gyara ne na kyauta, amma shi ya fi saurin ɓata kuloci. A cikin masta akwai wata 'yar kafa da dole ta kasance a buɗe idan feda tana hutawa, domin mai ya koma kofi. Idan sandar ta yi tsawo har ta toshe ta, man da ya yi zafi ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya ci gaba da danna boris. Kuloci ya fara zamewa, faifai ya ƙone. Shi ya sa ake barin ɗan wasa a saman feda. Littattafan gyara na Toyota da yawa suna ba da milimita 5 zuwa 15. Makanikai kan gwada ta hanyar tura sandar famfon ƙasa baya da hannu: idan ta koma, kafar a buɗe take.

A motoci masu waya, saitin yana jikin wayar. Mustang ta yi amfani da waya har zuwa 2004, da wani haƙorin roba mai saita kansa wanda yakan cinye. Masu ita sukan sauya shi da na alminiyom tare da noti da ake juyawa da hannu. Masu Golf ma sukan bar waya mai saita kanta su koma ta hannu saboda dalili irin wannan.

Abin tsayar da feda

Bayan kuloci ya gama saki, feda takan ci gaba da tafiya zuwa ƙasa ba tare da wani amfani ba. Akan sa roba mai kauri ko ƙusa mai zare a daɓen mota domin yanke wannan rarar. Ƙafa ta samu madogara tabbatacciya, wurin kamu ya matso kusa da ƙasa. Idan aka wuce gona da iri, kuloci ba ya saki duka, giya ta riƙa ƙara wajen shiga, zobban da ke daidaita gudun giya su cinye. Ƙari a kan haka, motoci da yawa suna da makunni a ƙarshen tafiyar feda wanda idan ba a kai gare shi ba inji ba zai tashi ba.

Tiyo da girman masta

Sauya tiyon roba da mai rigar saƙar ƙarfe yana rage kumburar tiyo a ƙarƙashin matsi. Amfaninsa a kuloci bai kai na burki ba, domin matsin man ya fi ƙanƙanta. Sau da yawa sabon mai da fitar da iskar da aka yi wajen aikin ne ke kawo bambancin da ake yabawa.

Canza girman masta kuwa babban sauyi ne. Daga mai faɗin milimita 15.87 zuwa mai 19.05, fuskar fistan tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari: mai ya fi yawa a kowane taku, tafiya ta gajarta, nauyi kuma ya hau da wannan gwargwado. Haɗarin ya fi yawa a motocin da famfon ƙasa yake cikin gidan kuloci, haɗe da boris. Idan aka tura shi fiye da iyakarsa robarsa takan fashe, kuma ba a kai gare shi sai an sauke giya gaba ɗaya.

Gwaji bayan aiki

Kowane irin gyara aka yi, ana tabbatar da abu biyu. Na farko, cewa kuloci yana saki sarai: inji na aiki, a taka feda har ƙasa, a jira daƙiƙa kaɗan, a sa ribas, idan ta yi ƙara ko mota ta nemi matsawa, sakin bai cika ba. Na biyu, cewa yana kamawa sarai: a giya ta sama, a ƙaramin gudu, a taka totur sosai, idan ƙarar inji ta hau amma gudun mota bai bi ta ba, yana zamewa. Wannan gwaji na biyu ana maimaita shi bayan mota ta yi tafiya ta yi zafi, domin toshewar kafar masta ba ta nuna kanta a inji mai sanyi. A motar da ke ƙarƙashin garanti kuma, dila yana iya ƙin biyan gyaran kuloci ko giya idan ya danganta lalacewar da bawul ko sifirin da aka cire.